Wasiƙa daga Amurka: Ɓarawon da ke ihun "ga ɓarawo"

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Katsina da Daura da kewaye. Ina gaishe ku da gida da iyali. Mu nan Minesota sai godiya, ban da sanyin da hunturun gida bai kama ƙafarsa ba.

Makon jiya bayan isha'i wani dattijo Bamaraɗe da muke salla tare ya ja ni gefe. Direban tasi ne, ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, mutum ne mai wayo da lissafi. Ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, an ce ka san kan kwamfuta. Ina jin an cuce ni."

Yana kallon kokawar gargajiya ta Nijar a wani shafi na kyauta, sai allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, ga tambarin Microsoft, ga jiniya, ga muryar mace tana cewa ɓarayi sun shiga kwamfutarsa, kada ya kashe ta, ya kira lambar da ke rubuce yanzu-yanzu. Ya danna nan ya danna can, shafin ya ƙi rufuwa. Sai ya kira.

Wanda ya ɗauka ya fi kowa ladabi. Ya sa shi ya sauke AnyDesk, manhajar da ke ba wani na nesa damar juya kwamfutarka kamar tana gabansa. Ita kanta ba ta da laifi, masu gyaran gaskiya ma da ita suke aiki. Daga nan ya buɗe masa wani lungu na Windows mai suna Event Viewer, ya nuna masa jerin alamomi ja da rawaya, ya ce duk cuta ce. Kowace kwamfuta mai Windows tana da wannan jerin, ko yau aka fito da ita daga kwali. Rajista ce kawai ta ƙananan tuntuɓen da na'ura ke yi kullum. Kuɗin "gyara" dala 400, a biya da katin kyauta na Google Play, wato katin da ake saya a shago da kuɗi a cikinsa, a kankare bayansa a karanto lambobin ta waya. Baba ya biya.

Na ce masa, "Baba, kafin ka kira lambar nan lafiyar kwamfutarka ƙalau." Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Shuɗin allon shafin intanet ne kawai da ya baje ya cika fuska. Kamfanin Microsoft ya sha faɗa cewa gargaɗinsa na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya, kuma ba ya kiran mutum haka siddan. Kamar dai a kasuwa ne wani ya kwarma ihu "ga ɓarawo!", kowa ya dafe aljihun da kuɗinsa yake, shi kuwa dama abin da yake son gani ke nan.

Allah ya sa ya zo wurina kafin zagaye na biyu. Sukan sake kira su ce za su mayar maka da kuɗinka, su sa ka buɗe asusunka na banki suna kallo, su sauya alƙaluman da ke kan allo ya zama kamar sun yi kuskuren turo dala 4,000 maimakon 400. Sai roƙo da kuka, wai za a kore su daga aiki in ba ka mayar da rarar ba. Ko sisi bai shigo ba. Da tausayinka za su yanka ka.

Hukumar binciken Amurka, FBI, ta ce a 2023 kaɗai ta karɓi ƙorafi 37,560 kan wannan damfara, asarar ta haura dala miliyan 924, kuma tsofaffi ne suka fi ji a jikinsu. Da yawa daga ɗakunan da ake amsa kiran a Indiya suke. A Oktoban shekarar hukumar binciken ƙasar, CBI, ta kai samame wurare 76 bayan ƙorafin Microsoft da Amazon. Mu da ake yi wa kallon 'yan 419 da zarar mun ce daga Najeriya muke, sai ga shi mu ma ana yi mana.

Na san wani a majalisar Ƙofar Ƙaura zai ce wannan matsalar masu dala ce. A'a. Gargaɗin ƙaryan nan ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai manhajojin talla da ke laɓewa cikin kayan kyauta: Windows da Office na sata da ake zubawa a shagunan buga takardu, WhatsApp na jabu, manhajar "wanke waya" da 'yan tura fina-finai ke cusa wa mutum ba tare da ya nema ba. Akwai kuma shafin da zai ce sai ka danna Allow kafin ka kalli ƙwallo. Ka danna, ka ba shi izinin turo maka saƙo har sai ranar da ka cire shi. Gobe sai ka ga wai wayarka ta kamu da birus goma sha uku, batir zai lalace. Shafin intanet ba shi da hanyar da zai binciki cikin wayarka, balle ya ƙirga.

A gida ba katin kyauta za su nema ba. BVN ne, da lambar sirrin katin ATM, da lambar nan da banki ke turowa ta tes. Wanda ka bari ya shiga wayarka daga nesa kuwa ba sai ya tambaye ka ba, da idonsa zai karanta.

In abin ya fito a kwamfuta, ka danne maɓallin Esc na ɗan lokaci ko ka haɗa Alt da F4. In ya ƙi, danne maɓallin kunnawa har ta mutu. In ka sake buɗe Chrome ya tambaya ko ya dawo da shafukan baya, ka ƙi. A waya, shiga saitin Chrome wajen izinin sanarwa ka cire duk shafin da ba ka sani ba. In kuwa an riga an shiga, kashe data, ka tafi bankinka da ƙafarka ko ka kira lambar da ke bayan katinka, sannan ka sauya kalmomin sirri daga wata na'urar.

Baba ya yi kwana shida bai gaya wa ko iyalinsa ba, don kunya. Shi ya sa nake roƙon ƙannena da ke jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran makarantu: in kun je gaida su Inna da Baba ranar Juma'a, ku karɓi wayoyinsu ku duba, kuma in kun tarar an riga an yi ɓarna kada ku yi musu dariya.

Mun goge kwamfutar Baba tas mun sake zuba mata komai. Dala 400 dai ta tafi. Sun sake kiransa sau biyu kan maganar mayar da kuɗi. Ya ce min yanzu in sun kira, sai ya ajiye wayar kusa da rediyo ya ci gaba da shan shayinsa.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
wani ɗan Katsina a Minesota