Darasi daga gidan Ajala da ɗakin gwajin Libet

Lokacin da nake nazarin addinin gargajiya na Yarabawa tare da ilimin ƙwaƙwalwa, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda fannonin biyu suka nuna cewa ana iya yanke zaɓi kafin mai zaɓen ya farga. A cikin baitocin Ifa, tsarin duba na Yarabawa, waɗanda masu duban da ake kira babalawo ke haddacewa a babi 256 da ake kira odu, mutum kafin zuwansa duniya yakan je gidan Ajala, magini mai ƙera kawuna, ya zaɓi ori, wato kan da ke ɗauke da rabonsa. Ajala kuwa bashi ya yi masa katutu, kuma ba ya tsayawa ya kyautata aikinsa: wasu kawunan ba su gasu ba, wasu sun ƙone, mai zaɓe ba ya iya bambance su. Da ya iso duniya sai ya manta abin da ya ɗauka, ba mai shaida sai Orunmila, abin bautarsu na hikima da duba.

A 1983, Benjamin Libet na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya sa mutane su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama, suna duban agogo. Ya gano cewa alamar lantarki tana fara tashi a ƙwaƙwalwa kimanin rabin daƙiƙa kafin motsin, alhali su ba sa jin niyyar sai saura kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Mutane da yawa suka ce ke nan babu zaɓi.

Darasin da na ɗauka shi ne Yarabawa sun fi waɗannan masu yanke hukunci natsuwa. Ba su ce ori ya gama magana ba. Masanin Ifa Wande Abimbola ya bayyana cewa ese, wato ƙafa, alamar ƙwazo ce, domin kai mai kyau ba ya kai kansa ko'ina sai da ita. Haka kuma mugun hali yana iya ɓata rabon kirki, shi ya sa ake hukunta ɓarawo ba a ɗora laifin ga Ajala ba. Libet da kansa ya yarda cewa mutum na iya hana motsin a ɗan lokacin da ya rage. A 2012 kuma Aaron Schurger da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa wannan alamar tana iya zama hawa da saukar da ƙwaƙwalwa ke yi a ko da yaushe, ba shawarar da aka riga aka yanke ba. Ina ganin ma tun farko motsa hannu ba gaira ba dalili bai isa ya zama ma'aunin shawarar aure ko ta biyan bashi ba, waɗanda mutum ke kwana yana tashi da su na tsawon watanni kafin ya tsayar da magana.