Yadda na dinga bin tsofaffin coci-coci a ƙauyukan Ingila ina leƙa kwamin baftisma

Ni dai a rafi aka yi min baftisma ina ɗan shekara sha biyar, don haka da na zo karatu Southampton na shiga cocin St Michael na ga wani ƙaton baƙin dutse kamar turmi mai ƙafafu, ban ma gane na mene ne ba sai da wata tsohuwa mai jera furanni ta ce min ai kwamin baftisma ne, ya haura shekara 800, kuma irinsa bakwai ne kacal a Ingila, daga Tournai ta ƙasar Beljiyam aka kawo su ta ruwa. Shi ke nan fa ta ɗora min ciwo, duk Asabar sai na kama hanya.

Zuwana na farko ƙauyen East Meon, inda ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan yake, asara na yi. Watan Disamba ne, na tsaya jiran bas a Petersfield har uku da rabi ta wuce, ina isa duhu ya fara, ga dutsen baƙi ƙirin, hotunan da na ɗauka da filashi duk kamar gindin tukunya. Da na koma karo na biyu da safe na je, da ƴar tocila, kuma a nan na gano ba a haska dutse gaba da gaba, ta gefe za ka kwantar da hasken sai sassaƙar ta taso. Wai! Ga Adamu da Hawwa'u, ga maciji, ga korarsu daga gonar Aidan, sai kuma wurin da ya fi tsaya min a rai, mala'ika yana koya wa Adamu haƙar ƙasa ita kuma Hawwa'u tana kaɗi, sak kakata da mazarinta. Na fi awa ɗaya ina zagaye shi.

Zurfinsa ma ya ba ni mamaki, ashe a da tsoma jariri ake yi, ba ɗan yayyafi a goshi ba. Kuma kusan ko'ina kusa da ƙofa za ka same shi, tunda ta nan ake shiga addinin.

Amma gaskiya yanzu in na shiga coci ba sassaƙa nake fara dubawa ba, bakin kwamin nake bi da tocila. Sau da yawa za ka ga tabo biyu suna kallon juna, ko guntun ƙarfe, ko wurin da aka cike. Gurbin kwaɗo ne. A ƙarni na 13 an ba da umarni a dinga rufe su da murfi a kulle, saboda ruwan da aka tsarkake yakan daɗe a ciki, mutane kuma suna sata su je su yi tsafi da shi. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe Turawan ma sun sha wannan.

Brookland da ke Kent ta ci min kuɗin mota sosai amma ban yi nadama ba, kwaminsu na dalma ne, kewaye da taurarin watanni a sama da aikin kowane wata a ƙasa, mai yankan ciyawa, mai girbi, mai yanka alade. A Suffolk kuma ran mutum ɓaci yake, fuskoki duk an farfasa da guduma, wasu tun zamanin William Dowsing da ya bi coci-coci a 1644 yana rushe siffofi.

In za ka je, kar ka zaɓi Lahadi, ana sujada kuma bas ɗin ƙauye sai a hankali. Wani cocin a kulle yake, duba allon ƙofa, sukan rubuta gidan da makulli yake. Kar ka jingina jaka a jikin dutsen, ni na yi sau ɗaya, hararar da na sha har yau ina tunawa. Ufford da ke Suffolk ce ta rage min, wadda kwaminta ke da dogon murfin katako da ya kai ƙafa 18, sai bayan jarrabawa in Allah ya yarda.