Lofena na farko da fensirin Malam

Kwana 11 na yi ina fama da lofena na farko. Ranar da na miƙa wa Malam, mai koya mini sassaƙar lofe, shi sai walƙiya yake yi, ni kuma na tsaya ina jiran yabo. Ko kallon ƙyallin bai yi ba. Rufe ido ya yi yana shafa shi da babban yatsa, daga bakin tukunyar har ƙarshen wuya, sannan ya zaro fensir daga bayan kunne ya hau zane a jikinsa. Wallahi ji na yi kamar a fuskata yake zanawa.

"Ɗana," in ji shi, "tsoron itacen nan kake yi."

Gaskiya ya faɗa. Itacen da aka fi sassaƙa lofe da shi, wato briya, kullin saiwar wata ƙaramar bishiya ce da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Aljeriya. Shekaru yake yi a ƙasa yana kauri, in an tono sai an dafa shi, an shanya shi wata da watanni. Sanin haka ya sa hannuna yake rawa, duk gugar da zan yi da magagari sai in ga kamar ɓarna nake yi. Abin da ya fito kuwa dunƙulallen abu ne mai nauyi, musamman a mahaɗar tukunya da wuya, inda na bar tsokar itace jibge. Nan fensirin ya fi yawo. Malam ya ce duk sabon hannu a wurin yake tsayawa, domin wurin matsattse ne, magagari ba ya shiga da daɗi, sai mutum ya lallashi kansa cewa ya isa haka. Ya ɗaga lofen ya saita shi da hasken taga. Layin ƙasa, wanda ya kamata ya miƙe daga gindin tukunya har bakin zuƙa, ya yi tumbi a tsakiya. Kwana 11 yana hannuna ban gani ba, saboda ta sama kawai nake kallonsa.

Daga nan ya ɗauko siririyar wayar nan mai auduga ta goge lofe, ya zura ta baki. Ta wuce sumul har cikin tukunya, ta ɓullo daidai ƙasan ramin. Ya gyaɗa kai. Yabon da na samu ke nan ranar, kuma ashe shi ne babba. Hudar iskar ba ta wuce faɗin milimita 4 ba, amma in ta fito sama da gindi, tabar da ke ƙasan tukunya ba za ta ci wuta ba, danshi ya taru, lofe ya riƙa ƙugi.

A kan ƙyallin da nake taƙama da shi ne na fi shan kunya. Daga samfefa, takardar goge itace, mai lamba 220 na yi tsalle zuwa 600 don sauri, na tsallake 320 da 400. Kafin rini komai lafiya lau a ido. Da rinin ya shiga, sai ya kwanta cikin kowane karce, suka fito baƙaƙe kamar an ja su da alƙalami, ni kuma na bi su da kakin kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiyar Brazil, ya ƙara haska su. Malam ya ce kowace lamba aikinta ɗaya, ta share sawun wadda ta gabace ta, kuma ba a canja takarda sai an duba ƙarƙashin fitila an ga sawun ya ɓace.

Akwai kuma ɗan tudu inda wuya ya haɗu da bakin roba, farce yana kamawa. Daban-daban na goge su, har gefen wuyan ya dakushe. A haɗe ake goge su, kamar abu guda. Bakin ma ya yi kauri, ya ce in sa a haƙori in ji da kaina. Na sa, kamar na ciji maƙallin guga.

Abu ɗaya ne har yau ban yarda da shi ba. Ya ce launin ya yi duhu, ya ɓoye jijiyoyin itacen. Ni dai duhun nake so, kuma na faɗa masa. Dariya ya yi, ya ce wannan ra'ayi ne, ba zai sa masa fensir ba.

Na tambaye shi ko in ajiye wannan in sake sabo. Ya ce a'a, in kankare kakin da rinin, in koma kan magagari. Kwana 6 na ƙara. Da na dawo masa da shi ya yi sauƙi a hannu, wuyan ya fito, farce ya daina kamawa. Ya rufe ido ya shafa, ya daɗe, sannan ya kai hannu bayan kunne. Zane biyu ya yi, duka a gefen hagu.