Tsohuwar maƙerar Saugus

Jama'a, na leƙa tsohuwar masana'antar ƙarfe ta Saugus, arewa kaɗan da birnin Boston a Amurka, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Turawan Ingila da suka yi kaka-gida a can ne suka kafa ta a 1646, don sun gaji da jiran jirgin ruwa ya kawo musu ƙusa da tukunyar ƙarfe. Tama daga fadama suke haƙowa, gawayi daga dazukan kewaye. Ruwan kogin Saugus shi ke juya manyan ƙafafun katako, su kuma su hura zugazugai su ɗaga guduma mai nauyin fam 500. Ina tsaye aka saki ruwa, ƙafar ta fara juyi tana ƙara, fatar zugazugin na kumbura tana sacewa. Irin na maƙeranmu ne sak, sai dai ya fi mutum tsawo.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan Sikotlan da aka kama a yaƙin Dunbar na 1650 tsakanin Ingila da Sikotlan, aka kawo su nan saran itace ba da son ransu ba.

Bashi da shari'a suka durƙusar da wurin wajen 1670, ƙasa ta rufe shi. Wani mai binciken kayan tarihi, Roland Robbins, ya fara tono a 1948, aka sake gina shi, tun 1968 kuma gwamnatin tarayya ke kula da shi. Shiga kyauta ne. 'Yan makaranta na zuwa su ga maƙeri yana buga ƙusa a gabansu.