Siminti a kan bangon farar ƙasa: abin da gyaran tsoffin majami'u ya koya mini

Duk wanda ya yi aikin sauya tsohuwar majami'ar Furotesta a Ingila ya san cewa ginin yakan fi masu shi tsawon rai. Ga na titin Brick Lane a Landan: Faransawa Furotesta 'yan gudun hijira suka gina shi a 1743, 'yan Methodist suka karɓe shi a 1819, a ƙarshen ƙarni na 19 ya koma wurin ibadar Yahudawa, tun 1976 kuma masallaci ne. A Hamburg ta Jamus, cocin Kapernaum na 'yan Lutheran ya zama masallacin Al-Nour a 2018. A Amstadam kuwa wani tsohon gidan ibada ya zama ɗakin kaɗe-kaɗe na Paradiso tun 1968. Dalilin sauƙin sauyin a fili yake. Majami'un Methodist da Baptis don wa'azi aka tsara su: zaure ɗaya mai kusurwa huɗu, mimbari a tsakiyar bangon gaba, bene a ɓangare uku bisa ginshiƙan ƙarfe, ba gumaka ba ɗakuna barkatai. Shi ya sa mai saye yake ɗauka cire benci da shafa fenti ne kawai aikin.

Yanzu da nake barin sana'ar, kuskure ɗaya nake so masu tasowa su sani kafin komai, domin shi na fi ganin yana cin dukiya: yaɓa siminti a kan bangon da aka gina da farar ƙasa.

Bangon ƙarni na 18 da na 19 ɗaya ne tim, babu rata a tsakiyarsa, jan bulo ko dutse ne haɗe da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Ruwa yana shigarsa, kuma yana fita ta mahaɗin bulo idan iska ta kaɗa. Haka aka ƙera shi. Da an lulluɓe shi da siminti, ruwa zai ci gaba da shiga ta 'yan tsage-tsage, amma ba shi da mafita, sai ya taru ciki ya gangara zuwa kan katakon da ke ɗauke da daɓe. Maginan gargajiya na Kano da Zariya ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Sun sha ganin yadda filastan siminti yake ɓamɓarowa daga ginin ƙasa bayan damina, ya taho da rabin bango.

Kuskuren ba ya zuwa shi kaɗai. Daɓen waɗannan majami'u na katako ne a ɗage, ƙarƙashinsa fili, kuma a gindin bango akwai bulo masu huji-huji don iska ta ratsa. Ɗan kwangila zai ce sanyi ke shigowa ta nan, a toshe. Sai a shimfiɗa kafet mai roba a ƙasa daga bango zuwa bango, a kunna na'urar ɗumama ɗaki. Idan masallaci ne, ga ruwan alwala. Idan gidajen kwana ne, ga tururin girki da wanka. Da danshin katako ya haura kashi 20 cikin ɗari, naman gwarin da ke cin katako ya samu gida. Hunturu biyu ko uku ya isa. Alamarsa wari irin na lema, farin zare kamar auduga a bayan katako, jan gari a kan daɓe, sannan katakon ya tsattsage gida-gida ya murmushe a hannu. Naman gwarin yana ratsa bango ya bi wani katakon.

Gyaran ya ninka abin da aka so a rage. A kankare simintin da hannu, kada a farfasa fuskar bulo. A yanke katakon da ya kamu har a wuce inda ɓarnar ta tsaya, a buɗe hujojin iska. A sake cike mahaɗi da kwaɓin awo ɗaya na farar ƙasa, uku na yashi mai kaushi, yaɓe kuma shafi-shafi, kowane kamar milimita 10, a bar shi ya kama kafin a ɗora wani, kuma ba a yin sa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Bango mai kauri yana bushewa kamar inci ɗaya a wata, don haka mai gaggawar buɗe wuri kafin azumi ko Kirsimeti sai ya yi haƙuri.

A nan ne darasi na biyu, mai ɗaci. Shugaban da ya ce a yi da siminti don ya fi arha da sauri, da baki yake faɗa. Ranar da daɓe ya lotsa, sa hannun ƙaramin ma'aikaci ake nema a takarda. Duk umarnin da ya saɓa wa rahoton duba gini, a nemi a rubuto shi, da kwanan wata. Wanda ya ƙi rubutawa ya san abin da yake yi.

Sauran a taƙaice. Kafin a taɓa bango a hau rufi a duba magudanar ruwa da indararo, don yawancin danshi daga can yake farowa, ga ɓarayin da ke sace dalmar rufi. Kada a rushe benen nan kafin injiniya ya gani, wani lokaci shi ke riƙe da bangaye. A majami'ar Baptis a ɗaga daɓen gaban mimbari, sau da yawa akwai kwarmin baftisma a ɓoye. Idan akwai kaburbura a haraba, akwai dokar da ta tsara tono su, kuma dangi na da ta cewa. Jemage doka na kare shi, samunsa a rufi na iya tsayar da aiki watanni. A karanta takardar cinikin da kyau, don wasu ɗariƙu sukan sa sharaɗin abin da ba za a yi a ginin ba. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas take, ba kasafai take dacewa da bango ba, to a auna sahu a karkace tun a zane, kafin a yi wa masu saye alƙawarin yawan mutanen da zauren zai ɗauka.