Tsanin gyaran gida: auna katangarka tukuna

Da watan Mayu ya kama a Damagaram, kowa na gaggawar yaɓe soro da gyara indararo kafin ruwan farko. Lokacin ne ake aron tsani gida-gida, kuma yawancin na aro gajeru ne. Gajeren tsani shi ke kayar da mutum, don dole ka hau matakin ƙarshe, ba abin riƙewa, ko ka ɗora ƙafarsa kan bulo ko durum.

Saboda haka auna tsawon katanga kafin ka nufi Kasuwar Dole ko wurin mai walda. In kan rufi za ka hau, tsanin ya zarce bakin soro da mita 1, don ka samu abin kamawa wajen hawa da sauka. Katanga mai mita 3 tana son tsani mai mita 4 da ɗan ɗori. Gindinsa kuma ya nisanci bango da kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon wurin da ya jingina: mita 3 a sama, santimita 75 a ƙasa. In ya matso da yawa, zai kifo da kai ta baya. In ya yi nisa, ƙafarsa ta zame.

Na katako ya fi araha, amma a duba shi da kyau. Matakin da aka kafa da ƙusa kawai a bayan sanda yakan fita in ya sha nauyi. Ka ce wa kafinta ya sassaƙa gurbi a jikin sandunan biyu, matakin ya zauna ciki, sannan ya buga ƙusa. Tazarar matakai ta zama ɗaya, santimita 25 zuwa 30, don ƙafa da ƙiyasi take sauka. Kada a shafa masa fenti, yana ɓoye tsaga. Ka ƙwanƙwasa gindinsa da bayan wuƙa, in ka ji holoƙo, gara ta riga ka.

Na ƙarfe yana daɗewa, sai dai nauyi, ga zafi: da azahar a watan Afrilu ba ya taɓuwa. Dubi kowane wurin walda. Ɗigo biyu da aka lulluɓe da fenti ba walda ba ce, sai ta zagaye matakin. Na alminiyam da ake shigowa da shi mutum ɗaya na ɗauka, kuma mai lambar EN 131, ƙa'idar ingancin tsani ta Turai, an ƙera shi don kilo 150, wato kai da kayan hannunka duka. Buhun siminti kaɗai kilo 50 ne, ba a hawa da shi. A jawo laka ko kwaɓi da igiya a bokiti.

Ƙarfe da alminiyam duka wuta na bin su. A lungunan Birni da Zango, inda wayar lantarki ta NIGELEC ke ratsawa kusa da kan katanga, a ɗauki tsani a kwance, a ɗaga kai kafin a tsayar da shi. Aikin kusa da waya na busasshen katako ne, jiƙaƙƙe ba shi da amana.

Cikin ɗaki, don ƙwan lantarki, fanka ko fenti, mai ƙafa huɗu da ake buɗewa ya isa. A buɗe shi sarai har maƙallinsa ya kama, kada a taka matakai biyu na sama.

Gidan laka yana da nasa sharaɗi. Bakin soro da ya sha ruwa yakan marmashe ƙarƙashin sandunan, don haka a ɗaure guntun katako a gicciye a kan tsanin ya raba nauyi. Ba a jingina shi ga indararo ko zanko, hanyar ruwa ce da ado. A tsakar gida mai rairayi ƙafa ɗaya kan nutse ta karkatar da shi. Shimfiɗa katako mai faɗi, ka kafa turke a bayansa. Kan siminti ko tayil kuwa, a sa wa ƙafafun roba, guntun tsohuwar taya ma ya wadatar, sannan babban mutum ya riƙe gindin, ba yaro ba.

Kana sama, hannu ɗaya da ƙafa biyu su kasance a jikin tsani, cibiyarka tsakanin sandunan. Inda hannu bai kai ba, sauko ka gusa shi.