'Ya'yanka nawa ne a duniya?

Watana huɗu da fara aiki a ofishin da muke taimaka wa masu neman biza, na kusa raba wani uba da 'yarsa, ban ma san ina yi ba. Aikina a lokacin bai wuce karɓar takardu da jera su da cike fom a kwamfuta ba. Shugabar ofishin, wadda muke kira Hajiya, ita ce mai lasisin ba da shawara, kuma ba a tura komai sai ya bi ta hannunta.

Mutumin ya zo da matarsa, suna neman izinin zama na dindindin a Kanada ta tsarin Express Entry, hanyar masu ilimi da sana'a. Ya zaro fasfo huɗu daga ambulan, an ɗaure su da roba: nasa, na matarsa, da na yara biyu. Na ce, "Malam, ku nawa ne za ku tafi?" Ya ce, "Mu huɗu." Na shigar da sunaye huɗu, na duba ranakun haihuwa sau biyu, na kai wa Hajiya ina ganin na yi aiki mai tsafta. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau, ta dubi mutumin.

"Malam, 'ya'yanka nawa ne a duniya?"

Ya yi shiru. Matar ta sunkuyar da kai tana murza hannun jakarta. Can ya ce, "Uku ne, Hajiya. Akwai babbar, ta wajen matata ta farko. Tana hannun mahaifiyarta. Ba da ita za mu tafi ba, shi ya sa ban ga dalilin ambatonta ba."

Bai yi mini ƙarya ba. Abin da na tambaye shi ya amsa, tambayata ce gurguwa. Dokar Kanada tana son mai neman zama na dindindin ya bayyana matarsa ko mijinta da duk 'ya'yan da suke ƙarƙashinsa, masu tafiya da waɗanda za a bari, kuma a yi wa kowannensu gwajin lafiya, har wanda ba zai taka jirgi ba. Sashe na 117(9)(d) na ƙa'idojin shige da ficensu ya ce duk wanda ba a duba ba a lokacin da kake nema, ba ya cikin iyalin da za ka iya ɗauko wa daga baya. An yi sassauci a 2019 ga wasu rukunoni, kamar 'yan gudun hijira, amma bai haɗa da masu shiga ta hanyar ilimi da sana'a ba. Hajiya ta bayyana masa wannan a hankali, sannan ta tambaye shi ko yana da niyyar yarinyar ta bi su wata rana. Ya ce ai shirinsa ke nan tun farko, in sun zauna da gindinsu ya ɗauko ta ta yi jami'a. Shekarunta 14 a lokacin. Da fom ɗin da na cike ya tafi yadda yake, da na rufe mata wannan ƙofar da hannuna. Kuma abin bai tsaya kanta ba, domin ɓoye bayani mai muhimmanci yana jawo haramcin shekara 5 a ƙarƙashin sashe na 40 na dokar shige da ficen ƙasar, yana iya kuma raba mutum da izinin zaman da ya riga ya samu. Jikina ya yi sanyi ranar, na koma teburina na daɗe ban taɓa komai ba.

Daga baya na gane ba Kanada kaɗai ba ce. A ƙuri'ar bizar Amurka, wadda dokar 1990 ta kafa da gurbi har 55,000 a shekara, wanda bai rubuta matarsa da duk 'ya'yansa marasa aure da ba su kai 21 ba, ko ya ci ƙuri'ar, ranar ganawa da jami'in ofishin jakadanci za a soke shi da duk wanda ya biyo shi. Mutane suna barin suna ne saboda dalilai na zuciya, ba don mugunta ba. Wani aure ne ya mutu da ɗaci, ba ya son tono shi. Wani an ce masa yawan yara yana rage sa'a. Wata tana tsoron tsohon mijinta ya ji labarin tafiyar. Fom kuwa bai san ɗacin aure ba, layi ne kawai da ke jiran suna.

Abin da ya fi yi wa mutumin nan wuya ba gwajin Turanci ba ne, ba kuma tara kuɗi ba. Sai da ya je ya zauna da tsohuwar matarsa, wadda suka yi shekaru ba sa doguwar magana, ya roƙi takardar haihuwar yarinyar da amincewarta a kai ta asibiti. Ta ƙi da farko, tana zaton dabara ce ta raba ta da 'yarta, kuma ban ga laifinta ba. Makonni aka yi ana kai da komowa. A nan na fara fahimtar cewa neman bizar iyali yana tono duk abin da iyalin suka binne, kuma gara ya fito a gaban mai ba ka shawara da ya fito a gaban jami'in da ke riƙe da hatimi.

Wannan iyalin sun ƙara koya mini wani abu a zama na biyu. Express Entry, wanda aka fara a Janairun 2015, tsari ne na maki, jimillarsa 1,200, kuma shekaru suna da nauyi a ciki. Mai aure da ke tsakanin 20 da 29 yana samun maki 100 na shekaru, daga 30 abin ya fara zaizayewa, mai 40 yana da 45, mai 45 ba shi da ko ɗaya. Maigidan yana da 40. Matarsa tana da 32, wato maki 85, ga digiri na biyu, ga sakamakon gwajin Turanci na IELTS da ya fi nasa. Ni na sa shi a matsayin mai nema na farko ba tare da na yi lissafi ba, don shi ya yi magana, shi ya miƙo fasfo. Da Hajiya ta juya lissafin, ratar ta fito fili. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Yanzu ni ne zan bi ta a takarda?" Hajiya ta ce, "Malam, izini iri ɗaya za a ba ku ranar da kuka sauka. Wanda ya fi maki ne kawai zai buɗe ƙofar." Ya yi kwana biyu kafin ya kira ya ce a sa sunanta. Na ga iyalai da yawa bayansu da suka yi asarar shekara guda suna jiran gayyatar Kanada ta miƙa takardu da makin miji, alhali makin matar ya isa tun farko, kuma ba wanda ya taɓa ce musu su gwada.

Lokaci ma yana cin iyali ta hanyar da ba ya cin mai tafiya shi kaɗai. Yaro yana girma takarda tana kan layi. A Kanada ɗa yana cikin iyalin iyayensa in bai kai 22 ba kuma ba shi da aure, ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2017. A Amurka iyakar 21 ce, ko da yake wata doka ta 2002 tana rage wa wasu lokacin da suka ɓata a jira. A Birtaniya kuwa sai wanda bai kai 18 ba ake shigarwa sabo. Iyalin da babban ɗansu yake da 17 ba su da sararin da mai jariri yake da shi, don haka abin da nake fara dubawa yanzu, kafin digiri, kafin kuɗi, shi ne ranar haihuwar babban yaro. Sauran takardun ma kowacce da ajalinta: sakamakon IELTS shekara 2, tantance takardun karatu na Kanada shekara 5, gwajin lafiya wata 12, kuma in gayyata ta zo kwana 60 ne kawai a hannunka. Wanda ya yi gaggawar yin gwajin farko ya yi jinkirin na ƙarshe, sai ya tarar na farkon ya mutu.

Maganar kuɗi gajeriya ce, amma nan mutane suka fi zamewa. Birtaniya tana son kuɗin da za ka nuna ya kwana 28 a jere a asusu ba tare da ya sauka ƙasa da adadin da aka ƙayyade ba ko da na yini ɗaya. Kanada ba ta karɓar kuɗin aro, kuma tana neman wasiƙar banki mai nuna matsakaicin abin da ke asusun a wata 6 da suka wuce. Kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya, mako guda kafin a nema, jami'i yana gane shi daga nesa.

Wani abin da ke damuna har yau shi ne yawan waɗanda suke zuwa mana bayan wani ejan ya riga ya ɓata musu suna. Za ka ga magidanci mai gaskiya, bai taɓa karanta fom ɗin da aka tura da sunansa ba, an sa masa wurin aikin da bai taɓa shiga ba, an ƙirƙiro masa bayanan banki, an ce ya amsa "a'a" a inda aka tambaya ko an taɓa hana shi biza. Shi ya sa hannu, don haka shi doka ta sani. Birtaniya tana iya hana mutum shiga shekara 10 saboda yaudara. A Amurka haramcin na har abada ne, sai in an samu afuwa ta musamman, wadda ba kowa ke cancanta ba. Ejan ɗin kuma ya canza lambar waya ya ci gaba da harkarsa. Ba na ɗora wa waɗannan mutane laifin wauta, domin wanda ya ƙosa ya fitar da 'ya'yansa zuwa inda yake ganin alheri yana saurin yarda da mai ba shi tabbaci. Amma ba wanda ke da tabbacin biza a aljihunsa, hukuncin na jami'in ƙasar ne. Kuma ana iya bincikar mai ba da shawara cikin minti biyar: Kanada tana da rajistar masu lasisi ta hukumar CICC a intanet, Ostareliya tana da ta OMARA, Birtaniya tana da hukumar da a da ake kira OISC, wadda aka canza wa suna a Janairun 2025. Cinikin takardun ɗaukar aiki na bogi ya yi yawan da a Maris na 2025 Kanada ta cire makin da take bai wa mai tayin aiki a Express Entry gaba ɗaya.

Akwai kuma shawarar da nake ji kusan kowane mako, cewa a nemi bizar ziyara, in an shiga sai a san yadda za a yi. A Amurka sashe na 214(b) na dokar shige da fice yana ɗaukar duk mai neman irin wannan bizar a matsayin mai niyyar zama har sai ya gamsar da jami'i cewa zai dawo. Iyalin da suka sayar da gida, suka cire yara daga makaranta, sannan suka ce hutun mako biyu za su je, sun riga sun amsa tambayar da kansu. In ma sun samu suka wuce wa'adi, yaran ne ke girma ba takarda.

Shawarar ɗan'uwan da ke can ma tana da nata haɗarin, duk da da zuciya ɗaya yake bayarwa. Yana faɗa maka ƙofar da ya bi ne, ita kuwa wataƙila an toshe ta. Daga Janairun 2024 yawancin ɗalibai masu zuwa Birtaniya ba sa iya tafiya da iyalinsu, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ɗaukar iyali, a Afrilu kuma kuɗin shigar da ake bukata don ɗauko miji ko mata ya tashi daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara. Wata baiwar Allah ta zo mana da takardar samun gurbin digiri na biyu a hannu, ta riga ta faɗa wa 'ya'yanta uku tare za su tafi, don haka yayarta ta yi a 2022. Ni aka bar wa faɗa mata. Na buɗe shafin gwamnatin Birtaniya na juya mata kwamfutar ta karanta da idonta, domin na san in daga bakina ta ji za ta tafi neman wanda zai faɗa mata akasin haka, kuma za ta same shi. Ta karanta sau biyu, ta ce, "To ƙanina, yanzu ya zan yi da yaran?" Mun zauna fiye da awa muna duba abin da ya rage mata na gaskiya, ciki har da ta haƙura da wannan gurbin. Ba ta fita da farin ciki ba, amma ba ta biya kuɗin makaranta a kan alkawarin da babu shi ba.

Yanzu in iyali suka zauna a gabana, ba na karɓar fasfo tukuna. Farar takarda nake miƙa wa miji, in miƙa wa matar wata, in ce kowa ya rubuta duk auren da ya taɓa yi, duk ɗan da ya haifa ko ya ɗauki riƙonsa a hukumance, duk ƙasar da ya zauna wata 6 ko fiye, da duk bizar da aka taɓa hana shi, ko ta shekara ashirin ce. Wani lokacin takardun biyu ba sa zuwa ɗaya, sai in ba su wuri su yi magana.

Mutumin nan kuwa ya dawo ofis ranar da aka yi wa 'yarsa gwajin lafiya, da ita a gefensa, doguwa mai kunya, rungume da fayil ɗin asibiti a ƙirjinta. Ya ce ta gaishe da Hajiya, ta durƙusa ta gaishe ta. Ni na karɓi takardar, na buɗe fom ɗin, na rubuta sunanta a layi na biyar.